Buton uku a fom ɗaya, da yadda suka kusa sa a kori yaron magaza

Abin nan ya faru ne bayan kaka, lokacin da wake yake shigowa Damagaram daga wajajen Matamai da Magarya, kuma na daɗe ina son in rubuta shi don na san akwai 'yan'uwa masu rubuta kod da suke yin irin abin da na yi, sai dai tasu ba ta fashe ba tukuna.

Akwai wani Alhaji abokin babana, yana da magaza ba nisa da kasuwar Dole, wake yake saye da riɗi da ɗan hatsi yana saida wa dillalai. Shekara da shekaru da kaye, wato littafin rubutu, suke aiki, yaron da ke riƙe masa lissafi yana rubutawa da biro, da yamma a zauna a haɗa. Alhajin ne ya kira ni yace yana so in yi masa abin da zai riƙa ganin estok ɗinsa da cinikin ranar a waya ko yana gida ko ya yi tafiya. Na yi masa ɗan aplikasiyo na intanet da yaren kod na PHP da rumbun bayanai na MySQL, ba wani abu babba ba, shafi kamar shida ne, amma zuciyar aikin duka tana wuri ɗaya, wato fom ɗin da ake cika bon na sayarwa: sunan kiliyan, irin kaya, buhu nawa, farashi, an biya ko bashi ne.

A ƙasan fom ɗin akwai buton uku, kuma ba ni na ƙirƙiro su don ado ba, yadda ciniki yake ne ya kawo su. Mutum zai zo ya taya, a yi ta ja, a ƙarshe yace a riƙe masa buhu goma zai je ya nemo mota ya dawo bayan la'asar, wani ya dawo, wani kuma shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. To irin wannan ba sayarwa ba ce tukuna, don haka akwai Ajiye, wanda kawai yake adana bon ɗin bai taɓa estok ba. Sai Tabbatar, shi ne idan kaya sun fita, yana cire buhunan daga estok ya rubuta kuɗin a kas ko a bashin kiliyan. Na ukun Soke, idan ciniki ya watse. Fom ɗaya ne, bayanai ɗaya ne, amma niyya uku ce, kuma abin da ya raba su a wajen sabar, wato kwamfutar da aplikasiyon ke zaune a kai, kalma ɗaya ce tak da burauza, manhajar buɗe shafin intanet, ke aikawa.

Ga yadda abin yake ga wanda bai saba ba. Idan aka danna buton na aikawa, burauza tana tattara duk akwatunan fom ɗin masu suna ta aika, amma cikin buton ɗin wanda aka danna kaɗai take sakawa, sauran ta bar su. Shi ya sa ake ba su suna ɗaya a bambanta musu daraja, sai sabar ta duba wace daraja ce ta zo. Da farko haka na rubuta:

<input type="submit" name="aiki" value="Enregistrer">

a PHP kuma ina kwatanta abin da ya zo da kalmar Enregistrer ɗin. Matsalar wannan tsarin ita ce rubutun da mutum ke gani a kan buton shi ne kuma darajar da ake aikawa, to ranar da Alhaji yace shi fa a mayar masa da komai Hausa don Faransancin nan yana ba shi wahala, ina canja rubutun sai kod ɗin sabar ya daina gane buton ɗin. Wannan a ɗakina na kama shi, na koma ga button wanda rubutunsa daban darajarsa daban:

<button type="submit" name="aiki" value="ajiye">Ajiye bon</button>

Da wannan ko Kanuri ko Tamashek aka ce a rubuta a kai sabar ba ruwanta. Tsofaffin darussa da yawa suna gudun button ne saboda Internet Explorer 6 da 7 suna aika rubutun cikinsa maimakon darajar, na 6 ɗin ma har yakan aika duk buton ɗin da ke fom ɗin gaba ɗaya, amma wannan zamanin ya wuce, babu dalilin da zai sa yau mutum ya ci gaba da ɗaure lissafinsa a jikin rubutun da za a iya fassarawa gobe.

A nan ya kamata in tsaya in sake duba kod ɗin sabar, ban tsaya ba. Yadda na jera shi: idan aiki soke ne a soke, in ba haka ba idan ajiye ne a ajiye, in ba haka ba kuma a tabbatar. Wato Tabbatar, wanda ya fi kowanne haɗari, wanda ke taɓa kaya da kuɗi, shi na bari a else na ƙarshe, duk abin da sabar ba ta gane ba can yake faɗawa. Lokacin a raina buton uku ne kawai, in ba na ɗaya ba ne ba na biyu ba ai na uku ne.

An yi kamar wata guda ana aiki lafiya, sai yaron ya kawo mini ƙorafi. Rezo a cikin magaza ba shi da ƙarfi, ginin siminti ne da rufin kwano ga buhuna jibge har sama, idan ya danna Tabbatar shafin yakan tsaya yana juyawa, sai ya zaci bai shiga ba ya sake dannawa, sai bon ɗaya ya shiga sau biyu. Maganin da kowa zai fara kawo maka shi na yi, na sa JavaScript yana sauraron lokacin da ake aika fom, da an aika sai ya mayar da duka buton ɗin disabled, wato a kashe, don kada a sake dannawa. Na gwada, na danna Tabbatar sau uku da sauri, sau ɗaya ya shiga, na ji daɗi na ɗora a sabar da daddare. Tabbatar kaɗai na gwada wallahi, don shi ne aka yi ƙorafi a kai.

Kwana tara bayan nan Alhaji ya kira ni bayan magariba yace in zo magaza yanzu. Na hau kabu-kabu na je, na tarar an ɗauke kuran, fitilar waya ce a kife a kan sikeli tana haska rufi, Alhaji yana kan kujerarsa da carbi a hannu ba ya ja, yaron kuma yana zaune a kan buhun riɗi ya rungume kayensa a ƙirji. Alhaji yace, ɗana, kai ka yi abin nan, na yarda da aikinka, to gaya mini, na'ura tana ƙarya? Ya miƙo mini wayar. Lissafin yana nuna an saida kaya na sama da jika 700 waɗanda kuɗinsu bai shigo kas ba, kuma akwai dillalai biyu da aka rubuta musu bashi, ɗaya Alhaji ya kira shi da rana mutumin ya rantse bai ɗauki ko tiya ɗaya ba, har ransa ya ɓaci. Yaron dai abu ɗaya yake maimaitawa, yaya wallahi ajiye su na yi, wasu ma na soke su, ga shi a kaye. Shekara huɗu yana wurin Alhaji, ƙanin matarsa ne ya kawo shi, kuma na ga alama an riga an yi masa magana mai zafi kafin in iso don idonsa ya yi ja.

Nace Baba Alhaji a ba ni dare ɗaya, kada a yanke komai. Yace to.

A gida na buɗe shafin a kwamfuta, na danna F12, na shiga wurin da ake ganin abin da burauza ke aikawa, na cika bon na ƙarya na danna Ajiye. Ga sunan kiliyan ya tafi, ga buhu, ga farashi, amma aiki babu shi kwata-kwata. Na danna Soke, shi ma babu. A nan jikina ya yi sanyi don na gane tun kafin in buɗe kod. Dokar HTML ita ce duk abin da yake disabled ba a saka shi cikin bayanan da za a aika, kuma burauza tana fara sanar da JavaScript cewa za a aika, sai bayan ya gama nasa ne take tattara bayanan. Ni kuma a daidai wannan tsakanin nake kashe buton ɗin, to lokacin da ta zo tattarawa buton ɗin da aka danna ya riga ya mutu sai ta tsallake shi. Sabar ta duba, ba soke ba, ba ajiye ba, sai else. Kwana tara duk buton ɗin da yaron ya danna Tabbatar ne. Shi ya sa gwajina ya yi kyau, don Tabbatar ɗin ma sunansa bai tafiya, sa'a ce kawai yake faɗawa inda ake so.

Kuma akwai abu na biyu da ya ninka ɓarnar. Aikin tabbatarwa bai duba ko bon ɗin an riga an tabbatar da shi, kawai cirewa yake. To yaron ya danna Ajiye da safe, buhu 5 sun fita daga lissafi, mai saye bai dawo ba, da yamma ya buɗe bon ɗin ya danna Soke, wasu 5 sun sake fita. Shi yana ganin ya yi aikinsa tsaf, shafin kuma yana mayar da shi jerin bon ba tare da ya ce masa ga abin da aka yi ba, matsayin bon ɗin kuma ɗan ƙaramin rubutu ne a gefe wanda a allon waya sai ka ja shafin kafin ka gan shi. Duk wannan ni ne, babu ko ɗaya da yake laifin rezo ko na yaron.

Gyaran na fara shi daga sabar, ba daga JavaScript ba, don can ne ainihin ramin yake. Na cire jerin if ɗin na sa switch, kowace daraja da gidanta, ajiye, tabbatar, soke, sannan duk abin da ba ɗaya daga cikin ukun nan ba, har da rashin zuwan komai, sabar ta mayar da kuskure 400, ta rubuta a log, ta nuna wa mutum cewa ba a yi komai ba ya sake gwadawa. Da haka yake tun farko, ranar da na ɗora gyaran nan yaron zai kira ni da safe yace fom ya ƙi aiki, in gyara cikin minti goma, babu wanda zai zauna a kan buhu yana rantsuwa. Fom ɗin da ya tsaya cak ana ganinsa nan take, wanda yake yi maka hasashen niyya kuma sai ya yi mako yana cin lissafi shiru. Sannan na sa wa kowane aiki sharaɗi a kan matsayin bon: ba a tabbatar da bon sai wanda yake a ajiye ko sabo, kuma canja matsayi da cire estok suna cikin transaction ɗaya, ko su faru tare ko kada ɗaya ya faru. Bon ɗin da aka riga aka tabbatar kuma Soke ba ya goge shi, sai dai a yi bon na mayarwa wanda Alhaji ne kaɗai ke da izinin yi, don alama ta zauna.

Sai maganar danna sau biyu, wadda ita ce ta jawo komai. Na gane kashe buton ba shi ne magani ba, taimako ne kawai ga ido. Maganin gaskiya shi ne duk lokacin da aka buɗe fom sabar ta saka wata lamba ta musamman a ɓoyayyen akwati, a MySQL kuma ginshiƙin da ake adana lambar UNIQUE ne, wato ba ya karɓar lamba ɗaya sau biyu, to ko sau goma aka aika na farko ne zai shiga, sauran rumbun bayanan da kansa zai ƙi su. Bayan an gama aiki kuma sabar ta tura burauza wani shafi da 303, saboda idan mutum ya sabunta shafi kada a sake aika fom ɗin, kuma a sabon shafin akwai rubutu babba da launi: an ajiye bon, kaya ba su fita ba, ko kuma an tabbatar, buhu kaza sun fita. Yaron da kansa yace wannan rubutun shi ya fi komai kwantar masa da hankali.

Kashe buton ɗin ban cire shi ba amma na canja yadda ake yi. Abin da burauza ke miƙa wa JavaScript lokacin aikawa yana ɗauke da event.submitter, wato ainihin buton ɗin da aka danna, Chrome ta samu wannan a 2020, Safari kuma a 2022, to nakan kwafe darajarsa zuwa ɓoyayyen akwati mai suna aiki sannan in kashe buton ɗin. Akwai kuma ɗan abin da ya biyo baya, idan mutum ya danna komawa baya burauza takan dawo da shafin yadda ya bar shi, da buton ɗin a kashe, don haka sai da na sa a sake kunna su a lokacin pageshow, wato duk lokacin da burauza ta nuna shafin. In kana aikawa da fetch ma ka lura, new FormData(form) ba ya saka buton ɗin da aka danna, sai ka ba shi submitter a matsayin abu na biyu, wanda burauzoji suka fara karɓa a 2023, ko ka ƙara shi da hannunka. serialize na jQuery shi ma haka yake, kuma form.submit() ba ya aika sunan kowane buton, ba ya ma duba akwatunan dole, requestSubmit ne, idan ka ba shi buton ɗin, ke yin abin da danna buton ke yi. Duk hanyoyin nan wuri ɗaya suke kai mutum, sabar ta karɓi fom babu niyya a ciki.

Na yi tunanin amfani da formaction, wanda ya zo da HTML5, inda kowane buton yake da adireshinsa, Ajiye ya tafi wata hanya Tabbatar ya tafi wata. Gaskiya tsari ne mai kyau kuma da yau zan fara aikin shi zan ɗauka, don a log ma kana ganin wane aiki aka nema daga adireshin kawai, kuma izini yana da sauƙin rabawa. Amma a wannan daren ban so in rushe gini ba, ina so in toshe ɓaraka. Abin da na ɗauka daga danginsa shi ne formnovalidate a kan Ajiye, don sau da yawa ana ajiye bon ba a gama daidaita farashi ba, da can yaron yakan rubuta 1 a wurin farashi don fom ɗin ya bar shi ya wuce. Yanzu Ajiye yana wucewa da akwati babu komai, Tabbatar kuma dole a cika, kuma sabar tana sake duba nata don abin da burauza ta duba ba abin dogaro ba ne.

Abu na ƙarshe yaron ne ya nuna mini shi washegari, ban sani ba yana yi. Idan ya gama rubuta farashi ba ya gangarawa ƙasa, alamar shiga ta kan allon rubutun waya yake dannawa. Dokar ita ce idan aka danna Enter a cikin akwatin rubutu, burauza tana ɗaukar buton na aikawa na farko a jerin HTML kamar shi aka danna, na farko a kod, ba na farko a ido ba, ko da ka juya su da CSS. A nawa Tabbatar ne na farko. Na mayar da Ajiye gaba don in an yi kuskure a faɗa wa wanda ba ya cin komai, Soke kuma na fitar da shi zuwa ɗan fom nasa daban mai tambayar ka tabbata, na haɗa buton ɗin da shi ta hanyar form="soke-bon" don ya zauna a layi ɗaya da 'yan'uwansa. Ina cikin haka na ga wani buton na ƙara layin kaya da ban rubuta masa type ba, alhali button a cikin fom idan ba a faɗi irinsa ba na aikawa ne. Yana ƙasan su ne shi ya sa bai zama na farko ba, kuma JavaScript ɗin da ke kansa yana hana shi aikawa, amma na sa masa type="button" na huta.

Gyara lissafin ya fi gyara kod wahala. Da safe muka zauna mu uku, yaron yana karanto kaye, ni ina bin bon ɗaya bayan ɗaya, 'yan dako biyu kuma suna ƙirga buhu. Kayen nan da nake cewa a daina wahala da shi, shi ya fitar da mu, don ya rubuta komai har da wanda ya taya ya tafi, da ɗan gicciye a gefen duk wanda ya soke. Bon 11 ne suka lalace, 4 a ciki an cire su sau biyu. Aka gama ƙirga wake ya cika cif, riɗi ma haka, buhu ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Nace wa Alhaji a gaban 'yan dakon, Baba kuskurena ne daga farko har ƙarshe, yaron nan bai taɓa maka ko dala ba. Na juya na ba yaron haƙuri. Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kira shi da sunansa yace ya yafe masa maganar jiya, ya ɗauki waya ya kira dillalin nan shi ma ya ba shi haƙuri. Yaron yace ba komai Alhaji, amma bai ɗago kai ba, ya ci gaba da goge bakin kayen da babban yatsa.

Har yanzu suna aiki da aplikasiyon, na ƙara masa gwaji guda huɗu da nake gudanarwa kafin in ɗora kowane canji, ɗaya ga kowane buton, na huɗun kuma yana aika fom babu aiki ya tabbatar 400 ne ya dawo kuma estok bai motsa ba. Yaron kuma har yau yana rubuta kayensa tare da wayar, duk Juma'a bayan masallaci suna haɗa biyun shi da Alhaji.